Furen Asali na Farfesa Mellor

Duk garin Brindlow babu wanda bai san Barnabas Mellor ba, don ko ba ka neme shi ba, shi zai tare ka a hanya ya gaya maka ko shi wane ne. Kwandastan bas ne da ya yi ritaya. Tun ranar da ya sayi wani tsohon ƙamus marar bango a gwanjon coci, ya maƙala tabarau ya fara murza gashin baki, sai mutane suka laƙaba masa Farfesa. Su da tsiya suke faɗa, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu.

To a shekarar da abin ya faru, Goggo Enid, tsohuwar da ta saba jan ragamar adon babbar rijiyar gari, ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Ga watan Mayu ya kama, biki ya matso. Aikin kuwa ba sabo ba ne. A jiƙa ƙaton allon katako a rafi, a shafe shi da yumɓu, a bi da ganyen furanni ana dannawa ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito, a kafa shi a bayan rijiya. Ranar biki Rabaran ya zo da 'yan badujala ya sa wa ruwa albarka, baƙi su cika gari.

Aka taru a zauren coci. Rabaran Pickering, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ya tambaya wa zai karɓi aikin. Kowa ya shiga kallon takalminsa. Sai Barnabas ya miƙe da ƙamus a hammata.

"Jama'a, shekara da shekaru kuna tafka abin kunya ba ku sani ba. Me kuke liƙa wa rijiyar kakanninku? Fulawa! Kun san daga ina kalmar fulawa ta zo? Faransawa ne suka tsallako da ita lokacin da suka ci ƙasar nan da yaƙi. Mu tamu ta gado a Turancinmu ita ce bulosom, kuma ba kowane tarkacen ciyawa ake kira da ita ba, sai furen itace mai ba da 'ya'ya. Ga shi nan a ƙamus!"

Cuthbert Bagshaw, maƙwabcinsa mai kiwon ƙudan zuma, wanda kuma shi ke buga babbar ganga a badujala, ya ce, "To, Farfesa, rijiyar ce ta kawo maka ƙara?"

"Ba sai ta kawo ba, ni na ga halin da take ciki. Kuma bari in faɗa muku abin da ba ku sani ba. Mutumin da ya fara furta kalmar nan ɗan garin nan ne. Kakan kakan kakana. Ya fito da safe, ya ga itacen tuffa ya yi fari fat, ya buɗe baki, kalmar ta faɗo."

"Wannan ma yana cikin ƙamus ɗin?"

"Shafin ya yage."

Ya ce bana hoton kakan nan nasa za a yi, tsaye a gindin itace, baki buɗe, kuma da furen tuffa zalla, ko ƙwayar fulawa ɗaya ba za ta taɓa allon ba. Rabaran ya duba hagu ya duba dama ko wani zai cece shi. Babu. Ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Suna isa gida matarsa Doreen ta ja shi suka shiga lambu. Ta tsaya gaban itacen tuffarta, wanda mahaifinta ya dasa mata da hannunsa shekarar da aka haife ta. Furensa daban yake da na kowa a garin, bakinsa ja-ja kamar an shafa masa jan baki.

"Barni, ka ga itacen nan?"

"Na gan shi, uwargida. Asalin sunansa ma a da..."

"Ban tambaye ka sunansa ba. Ka tsinki fure ɗaya a jikinsa, to ka kwashe bargonka ka koma ɗakin kaji. Kuma ba za ka sake kwana a gado ba sai ranar da na ci tuffarsa da bakina."

"Haba Doreen! Mutum irina ya rasa fure a gari guda?"

Washegari ya ɗora allon a baro ya nufi rafi. Allon nan ya fi ƙofar gida girma. Cuthbert ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Mutumina, ga igiya. Ka ɗaure shi, ka danne da duwatsu."

"Igiya ta waɗanda katako ba ya jin maganarsu ce."

Ya tura allon cikin ruwa. Allon ya ƙi nutsewa. Ya daka masa tsawa, bai nutse ba. Sai ya hau kai da ƙafa biyu don ya danne shi. Allo kuwa ya ce bismillah, ya kama hanya. Haka Farfesa ya bi tsakiyar gari a tsaye ƙiƙam kan katako, ya wuce ƙarƙashin gada a durƙushe, ya wuce bayan shagon shayi, mata suka fito da kofuna a hannu suna kallo, agwagi na biye da shi a layi.

"Farfesa, ina zuwa haka?"

"Gwaji nake yi!"

"In ka isa Faransa ka mayar musu da kalmarsu!"

Sai a makiyayar shanu Cuthbert ya cim masa, ya saƙalo shi ta bel ɗin wando da manjagara, ya jawo shi gaɓa sharkaf. Yana tofar da ruwa ya ce, "Na gode, amma da ma nan na yi niyyar sauka."

Daga ranar ya ƙulla gaba da ruwa. Ya ce allon ya sha abin da ya ishe shi har ya yi yawa. Ya ja shi cikin rumfar ajiya, ya kunna masa hita gaba da baya, har katakon ya bushe ƙayau kamar biskit. Goggo Enid, da aka zaunar da ita bakin taga da bargo a cinya, ta ƙwala masa kira.

"Kai ɗan nan! Busasshen allo ai shanye ruwan yumɓu zai yi!"

"A zamanin fulawa ke nan, Goggo. Ki huta, aiki ya zo hannun masu ilimi."

Yumɓu kuma, mata ne suka saba taka shi da ƙafa a cikin tsohon bahon wanka, suna hira suna dariya har ya yi laushi. Barnabas ya ce ƙafa ta tafiya ce. Ya aro injin kwaɓa siminti, ya cika shi fam, ya murɗa shi har ƙarshe. Daidai lokacin Rabaran ya shigo ganin yadda aiki ke tafiya. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya tofa. Da ƙura ta lafa, idanu biyu kawai ake gani a inda Rabaran yake tsaye.

"Ranka ya daɗe, kada ka goge! Ka ji laushinsa? Ƙafa za ta iya wannan?"

Rabaran ya ce wani abu, amma yumɓu ya cika masa baki, kuma wataƙila gara da aka yi haka.

Sai maganar fure. Barnabas ya bi gida gida yana cire hula.

"Ɗan kaɗan nake so, Inna. Waɗanda da ma za su faɗo."

Da an ce masa to, sai ya kifa lema a gindin itace, ya jingina tsani, ya zaro almakashin aske shinge. Kafin matar gidan ta gama haɗa masa shayi, itacen ya koma kamar kazar da aka fige. Wata ta fito da tire a hannu ta tsaya baki sake.

"Barnabas! Ina furen? Ina tuffar da zan samu lokacin kaka?"

"Tana cikin tarihi, Inna. Jikokinki za su yi alfahari."

"Jikokina kek suke so!"

Labari bai gama zaga gari ba shi ya riga ya gama zagawa. Duk itacen tuffar da ke Brindlow ya yi ƙwal, in ban da guda ɗaya a bayan gidansa, wanda kullum in ya wuce yake kawar da kai. Cuthbert ya same shi yana jan buhunan fure.

"Kai, ka san abin da ka yi mini? Ƙudan zumana tun safe suke gantali kamar waɗanda aka kora daga aiki. Ɗazu na ga wasu suna shinshina furen da ke jikin labulen matata."

"Su yi haƙuri. Ilimi sai da sadaukarwa."

"To ka je ka gaya musu da bakinka."

Aka shiga danna fure a rumfa. Matan da suka zo taimako suka tambaya da me za a yi rigar kaka. Ya ce furen tuffa. Wandonsa fa? Furen tuffa. Itacen? Sararin sama? Gashin baki? Duk furen tuffa. Wata ta zaro ɗan shuɗin fure daga aljihu don a samu ko sama ta fito, ya ƙwace ya jefar ta taga kamar ya kama kunama.

"Bafaranshe! A gaban kakana!"

Da aka gama, aka ja da baya aka duba. Doreen ta goge tabarau ta mayar.

"Barni, ina kakan?"

"Ga shi nan a tsakiya."

"Itacen fa?"

"Ga shi a gefensa."

"To ni dai zanin gado nake gani."

"Ido ne bai waye ba. Farin mutum ne, cikin fararen kaya, a gindin farin itace. Da safe ne kuma, akwai hazo."

Cuthbert ya ce, "Wallahi kamarku ɗaya. Shi ma babu komai a ciki."

Matan suka kwashe jakunkunansu suka tafi suna toshe baki. Barnabas ya sa aka kai allon bakin rijiya aka kafa, aka lulluɓe shi da tamfol, ya ce kada wanda ya leƙa sai gobe.

Ranar biki da hantsi ya je shi kaɗai ya ɗaga gefen tamfol. Sai da ya dafa bango. Busasshen allo ya shanye yumɓu tas, yumɓun ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Furen da ya rage a jiki ya koma kalar ganyen shayin da aka gama dafawa, sauran ya zube ƙasa tuli. Ga motocin baƙi sun fara shigowa gari. Ga 'yan badujala can suna gwada ƙaho.

Ya ruga gida. Doreen tana zauren coci tana jera kofuna. Ya tsaya gaban itacenta, itacen kuwa ya yi dam da fure kamar da gayya.

"Ɗan kaɗan," ya ce wa itacen. "Ba za ta ma gane ba."

Da ya sauko daga tsani, ko makaho zai gane.

Saura abin liƙawa, tunda yumɓu ya ƙi karɓa. Ya shiga kicin ya kwaso duk kwalaben jam ɗin Doreen na shafa wa burodi, da zumar da suka saya wurin Cuthbert, da buroshin fenti. Ya shige ƙarƙashin tamfol. Jam ya shafa a sama da itace. Zuma kuwa ya ce ta manya ce, ya lafta ta duka a jikin kaka, tun daga hula har takalmi, ya ƙara kauri a gashin baki. Yana yi yana lasar buroshi, yana share gumi da bayan hannu, har nasa gashin bakin ya yi danƙo. Ya watsa furen Doreen a kai, ya fito yana haki, ya gyara kwat.

Jama'a suka iso. Rabaran a gaba cikin farar riga sabuwar wanki, 'yan badujala a baya, Goggo Enid a keken guragu, baƙi da kyamarori, yara a wuyan iyaye. Barnabas ya hau kan akwati.

"'Yan'uwa da baƙi! Yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba tun kafin Faransawa su..."

"A buɗe mana!" wani ya ce daga baya.

Ya fizge tamfol.

Fari ne dai, da ɗan ja-ja, yana naso. Wani baƙo ya tambayi matarsa ko ta baya aka kafa shi. Yara suka fara dariya. Sai aka ji wani ƙugi yana tasowa daga bayan gonar Cuthbert, kamar jirgin sama na nesa.

Ƙudan zuman garin nan sun kwana biyu ba su ga abinci ba. Suka zo gaba ɗayansu, baƙi ƙirin kamar hadari, suka sauka kan allon. Jam suka ɗan taɓa, amma zuma suka rufar wa. Kafin ka ce me, ga mutum ya fito a tsakiyar farin nan, baƙi wuluk, da hularsa da takalminsa, da ƙaton gashin baki yana motsi.

"Kai! Ga mutum!"

"Ikon Allah, numfashi yake yi!"

Kyamarori suka hau walƙiya. Barnabas ya kalli allon, ya kalli jama'a, ƙirjinsa ya kumbura har maɓalli ya tsinke.

"Hoto mai rai! Abin da na shirya ke nan tun farko! Ni na hore su da kaina, ɗaya bayan ɗaya!"

Cuthbert ya matso da ganga rataye a ciki, ya yi ƙasa da murya. "Barnabas, don girman Allah ka sauko a hankali. Kowa ya ja baya. Kada wanda ya yi ƙara."

"Hassada! Mutum ya ga ƙudansa sun fi jin maganata!"

Doreen kuwa ba kaka take kallo ba. Ta sunkuya ta ɗauki fure ɗaya da ya faɗo, ta ga jan bakin nan. Ta dangwali abin da ke ɗiga daga gefen allo ta lasa.

"Barnabas Mellor." Ba ta ɗaga murya ba. "Wannan furen na wane ne? Jam ɗin nan kuma na wane ne?"

Farfesa ya ga abin da ya fi ƙudan zuma haɗari yana tahowa. Ya ce a ransa in kiɗa ya tashi ba za a ji tambaya ba.

"Badujala! A buga wa kaka taken girmamawa!"

Babu wanda ya motsa. Sai ya diro daga akwati, ya fizge gula daga hannun Cuthbert, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya narka wa gangar.

Dummm!

Kaka ya tashi sama. Gaba ɗayansa, har da hular. Yumɓun da ke bayansa, da ma ƙiris yake jira, ya saki allo ya zubo rigijib. Mai ƙaho ya jefar da ƙaho. Baƙi suka tarwatse, wasu cikin shagon shayi, wasu cikin motocin da ba nasu ba. Goggo Enid, da aka ce ba za ta taka ba sai lokacin kaka, aka gan ta ta wuce mai tura ta da ƙafarta. Rabaran ya tattare riga yana gudu yana sa albarka ta bayan kafaɗa, har ya albarkaci akwatin gidan waya da karen wani baƙo.

Ƙudan kuwa ba su damu da kowa ba. Sun shinshino inda sauran zumar take.

"Ku tsaya! Ni ne! Ni na hore ku!"

Ya zaga rijiya, suka zaga. Ya shige ƙarƙashin tamfol, suka shige. Ya fito da gudu gashin bakinsa ya ninka girma yana ƙugi, ya rasa ta yi, ya faɗa tsundum cikin kwamin dutsen da ruwan rijiyar ke zuba. Yana ɗago kai ya shaƙi iska, ragowar yumɓun da ke saman allo, daidai inda fuskar kaka take, ya ɓanɓaro ya kife masa a ka.

Cuthbert ya leƙo daga bayan ganga. "Sannu Farfesa. Ka ga yanzu ka jiƙu yadda ya kamata. Da allon ka yi wa haka."

Daga ƙarƙashin yumɓu, da leɓe a kumbure kamar burodi, aka ji murya tana cewa, "An dai ga kaka ko ba a gani ba?"

Ko da ya isa gida, bargonsa da filo da ƙamus suna jiransa a ƙofar ɗakin kaji.

Haka ya ci damina tare da kaji. Ya ce wa mutane shi ya zaɓa, wai iskar wurin ta fi taimaka wa tunani. Garin Brindlow kuwa a shekarar ko tuffa ɗaya babu, sai a shago ake saya, kuma duk wadda ta saya sai ta biyo ta bayan shingen Mellor ta faɗi abin da ke ranta.

Sai wata rana yana kwance yana kallon sama, ya hango ta. Can ƙololuwar itacen Doreen, inda tsani bai kai ba, tuffa guda ɗaya tal. Ya yi tsalle har ya fasa ƙwai. Daga ranar ya zama mai gadi. Ya kori tsuntsaye da murfin tukunya, ya ɗaura mata lema in ana ruwa, ya yi faɗa da zanzaro har sau ba adadi. Tuffa kuwa, tunda ita kaɗai ke shan itace guda, ta yi girma kamar kan jariri.

Da ta nuna ya gayyaci maƙwabta su zo su shaida. Aka aro dogon tsani, ya hau, ya tsinko ta, ya sauko da ita a tafin hannu kamar sabon jariri. Doreen ta fito da faranti da wuƙa. Har ta ɗan yi murmushi.

"Kafin in miƙa," in ji Barnabas, "ku dubi girmanta. Wannan dabarata ce. A rage fure, 'ya'ya su yi ƙiba. Kuma ita kanta kalmar tuffa, kun san wanda ya fara furta ta?"

"Barni, miƙo."

"Ƙanen kakan nan nawa ne. Ya tsinko ta haka. Ya goge ta a riga haka. Ya kai baki ya yi haka..."

Ƙaras!

"...sai ya ji daɗi, ya ƙara haka. Kai, da zaƙi! Sai ya juya ta ya yi haka, don a lokacin ba a san wuƙa ba..."

Cuthbert ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Sai da Farfesa ya kai ƙarshen tarihi ya duba hannunsa, ya ga ɗan ƙashin tsakiya da 'ya'ya baƙaƙe suna kallonsa. Ya dubi farantin. Ya dubi Doreen. A hankali ya ɗora ragowar a kai.

"Uwargida, a wurin masana, nan ne asalin tuffar."

Doreen ta juya ta shiga gida. Can sai ga ta ta fito da bargo na biyu, mai kauri, ta ɗora masa a kafaɗa, ta gyara masa shi da kyau.

"An ce sanyin bana da ƙarfi zai zo," ta ce. "Ka gaishe da kaji."